Yadda Za Ka Ga Birnin Firenze a Kwana Biyu

A Gangare cikin Jos aka haife ni, amma shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da tayil da mabul a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja. Wannan sana'a ce ta kai ni Italiya har sau biyu, saboda baje kolin tayil na Cersaie da ake yi a birnin Bolonya duk ƙarshen watan Satumba. Daga Bolonya zuwa Firenze a jirgin ƙasa mai sauri bai cika minti 40 ba. Zuwana na farko na sauka ranar Lahadi da rana ba tikiti ko ɗaya a hannuna, washegari Litinin na tarar da manyan gidajen zane biyu na garin a rufe, na dawo da ciwon ƙafa da hotunan bangon waje kawai. Zuwa na biyu na shirya, muka tafi tare da maƙwabcin shagona, mutumin Pankshin, ɗan Katolika, muka yi Juma'a da Asabar. Abin da zan faɗa maka a nan daga wannan tafiya ta biyu ya fito.

Sunan garin a bakin Turawan Ingila Fulorens ne, amma a allon tashar jirgi da kan tikiti Firenze za ka gani, kuma tashar da za ka sauka ita ce Santa Maria Novella. In daga Abuja za ka taso kai tsaye don wannan, jirgin sama zai bi da kai ta Addis Ababa ko Istanbul ko Alƙahira ka sauka a birnin Rum, daga tashar Termini kuma awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa. Bizar Shengen ake nema, kuɗinta Yuro 90, sai an ga inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000 da takardar masauki. Ka fara nema da watanni, ba da makonni ba.

Abu biyu nake so ka riƙe tun kana gida. Kada ka sa Lahadi ko Litinin a cikin kwanakinka: Litinin manyan gidajen zanen nan biyu, Uffizi da Accademia, ba sa buɗewa, Lahadi kuma coci na masu ibada ne, ɗan yawon buɗe ido sai ya jira. Na biyu, ka sayi tikitin hawa ƙubbar babban cocin garin da na Uffizi ta intanet, a shafinsu na ainihi, da rana da awa a rubuce, aƙalla mako biyu kafin ka tashi. Ka zaɓi awar farko ta safe. Garin ƙarami ne, duk abin da zan lissafa da ƙafa ake zuwa, don haka ba tafiyar ce ke cinye lokaci ba, layi ne.

Juma'a da safe: ƙubba

Babban cocin garin sunansa Santa Maria del Fiore, amma kowa Duomo yake cewa. An sa harsashinsa a 1296. Kafin ka shiga ko'ina ka zaga shi sau ɗaya da sassafe, lokacin da filin bai cika ba. Bangon duk mabul ne kala uku: fari daga Carrara, kore daga Prato, da ja mai haske. Ni da nake auna tayil kullum na tsaya ina bin layin haɗin da yatsa, ina neman inda ya kauce. Fuskar gaban ce kawai sabuwa, a 1887 aka gama ta.

Tikitin da ake kira Brunelleschi Pass, wanda na saya Yuro 30, yana ba ka ƙubba da hasumiyar ƙararrawa da ɗakin baftisma da gidan tarihin cocin, kuma yana aiki kwana uku. Hawa ƙubba matakala 463 ne, babu na'urar hawa, hanyar kuma matsattsiya ce, wani wurin sai ka sunkuya. Mai ciwon zuciya ko ciwon gwiwa ko wanda ƙuntataccen wuri ke tayar masa da hankali ya haƙura, zai samu wani wurin kallon garin da yamma. Babbar jaka ba a hawa da ita.

In ka iya hawa, to nan ne zuciyar tafiyar. Shekaru da yawa cocin ya zauna da wawakeken rami a samansa, faɗinsa kusan mita 45, an rasa wanda zai rufe shi, domin babu katakon da zai isa a kafa a ƙasa ya tallafi ginin har ya bushe. Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinare ne, ya karɓi aikin a 1420 ya gama a 1436 ba tare da wannan tallafi ba. Ƙubba biyu ya yi, ɗaya cikin ɗaya, kuma matakalar da kake hawa tsakaninsu take. Jan bulo sama da miliyan huɗu ya shiga. Dabararsa tana nan a fili a bangon da ke gefenka: ana jera bulo a kwance, sai a tsayar da wasu a tsaye a tsakani, suna hawa a karkace kamar ƙayar bayan kifi, su ne ke riƙe sabon layi kada ya zame ciki kafin ƙasar haɗin ta kama. Kada ka bi gudun mutanen da ke bayanka. Ka raɓe a inda hanya ta ɗan buɗe ka dubi wannan jeri da kyau.

Duk wanda ya taɓa shiga kwafin masallacin Juma'a na Zariya da ke gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, ya ɗaga kai ya ga bakan gizon rufin da magini Babban Gwani ya ƙirƙira da azara da laka, zai gane abin da ke faruwa a nan. Matsalar ɗaya ce, yadda za ka rufe fili mai faɗi ba tare da rufin ya faɗo kan masu ibada ba. Kayan aikin ne suka bambanta.

A tsakiyar hawan za ka fito wata siririyar baranda ta ciki, dab da babban zanen ranar hisabi da Vasari ya fara Zuccari ya ƙarasa. Akwai siffofin azaba masu tayar da hankali a ciki. Daga can sama kuma garin gaba ɗaya jan rufi ne, kogin Arno ya ratsa shi, tuddai sun kewaye shi kamar yadda duwatsu suka kewaye Jos. Hasumiyar ƙararrawa matakala 414 ce. Wanda ya hau ƙubba ba ya bukatar ta a rana ɗaya.

Da ka sauko, wuce gidan tarihin cocin da ke bayansa, Museo dell'Opera del Duomo. Mutane da yawa suna cunkushewa a bakin ɗakin baftisma suna ɗaukar hoton ƙofar zinare, ba su san kwafi ba ce. Ta ainihin tana cikin wannan gida a bayan gilashi. Lorenzo Ghiberti ya yi shekara 27 a kanta, daga 1425 zuwa 1452, tagulla ce aka shafe da zinare, an raba ta gida goma, kowane gida da ƙissarsa: Adamu da Hauwa'u, Habila da Ƙabila, Nuhu, Ibrahim, Ishaƙu da 'ya'yansa, Yusuf, Musa, Yusha'u, Dawuda, sai Sulaiman da sarauniyar Saba. Ni da maƙwabcina mun fi rabin awa a gaban gidan Yusuf. Ya nuna buhunan hatsi da ƙoƙon da aka fito da shi daga kayan ƙaramin ɗan'uwan, ya ce, "Alhaji, wannan ai kun san shi." Na ce, "Sura guda ce sukutum a wurinmu, maƙwabci." Ya ba ni yadda suke karantawa, na ba shi yadda muke karantawa.

A nan ya kamata in faɗi abin da na san yana ran ɗan'uwa Musulmi. Mu ba ma siffanta annabawa, su kuwa suna yi, kuma garin nan cike yake da irin wannan. Ni ban ɗauki ko ɗaya daga cikin fuskokin nan a matsayin kamannin wani Annabi ba. Fuskokin mutanen Firenze ne na wancan zamani, da tufafinsu. Aikin hannun na je gani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya sayi tikiti, kuma ko ya bar zane gaba ɗaya, gini da aikin dutse kaɗai sun isa su cika masa kwana biyu.

Ladabin shiga coci ba shi da wuya a wurinmu. Kafaɗa da gwiwa a rufe, wanda kaftani ko abaya sun riga sun gama da shi. Namiji ya cire hula, mace ta bar mayafinta. Ba a cire takalmi. A yi ƙasa da murya, kada a kunna fitilar kyamara, in kuma ana tsakiyar ibada a tsaya daga baya. Shiga falon Duomo kansa kyauta ne, sai dai layinsa dogo ne. Tun da ka gan shi daga sama, kana iya barinsa.

Juma'a da rana

Daga Duomo zuwa unguwar Santa Croce tafiyar minti goma ce. A kusa da filin Piazza dei Ciompi jama'ar Musulmin garin suke da wurin salla, nan na yi Juma'a tare da 'yan Senegal da Maroko da Bangaladash. Wurin ba shi da girma, ka je da wuri da alwalarka. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar yadda muka saba a gida ba, ka duba wayarka kafin ka shimfiɗa darduma a masauki.

Batun abinci a taƙaice: naman alade yana cikin yawancin burodin da ake cusa wa nama. Kalmomin da za ka guje wa su ne prosciutto, salame, pancetta, lardo da strutto, wanda shi kitsen alade ne da kan shiga burodi. Ka haddace "senza maiale", wato ban da alade. Miyar ribollita ta wake da ganye da burodi ce, tana riƙe ciki, sai dai ka tambaya ko an sa nama. Akwai masu sayar da kebab na halal a kewayen tasha da wannan unguwa. Burodin garin ba gishiri a cikinsa, haka suke yin sa. Kofi a tsaye a bakin kanta ya fi araha nesa ba kusa ba a kan na zaune, kuma in ka zauna cin abinci za ka ga an ƙara kuɗin kujera da suke kira coperto.

Santa Croce cocin mabiya Faransis na Assisi ne, wani waliyyin Kiristoci, kuma ana biyan kuɗin shiga. Kabarin Mikelanjelo yana nan, da na Galileyo, da na Machiavelli. Akwai wani babban abin tunawa da mawaƙi Dante, amma ba kowa a ciki, a Ravenna aka binne shi. Waɗannan kowa zai nuna maka. Abin da nake so ka nema da kanka shi ne labarin Faransis da Sarkin Musulmin Masar. A 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya a Dimyaɗ, Faransis ya tsallaka zuwa sansanin Sultan al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, ba makami a hannunsa. Sarkin ya karɓe shi, ya saurare shi, ya sa aka mayar da shi lafiya. Mai zane Giotto ya zana wannan ganawa a ɗakin Bardi da ke kusa da bagadi, kuma an sassaƙa ta a jikin mumbarin mabul da ke tsakiyar cocin, don haka ko ka tarar ana gyaran ɗaya za ka ga ɗayan. Masu zanen sun ba da labarin ta ɓangarensu ne, amma sun zaunar da sarkin a kan karaga da rawaninsa da kwarjininsa. Ni da maƙwabcina duk muna Jos lokacin rikicin watan Satumba na 2001, kowa ya san abin da ya rasa. Mun daɗe a tsaye a wurin ba wanda ya ce uffan.

Kafin ka fita ka nemi gicciyen da Cimabue ya zana. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 kogin Arno ya yi ambaliya, ruwa da laka suka shiga unguwar nan fiye da tsayin mutum biyu, suka cinye fentin wannan zane da yawa. An gyara abin da zai gyaru, an bar tabon a fili. A bangon wasu gidajen unguwar akwai ƙananan alluna da ke nuna inda ruwan ya kai, sai ka ɗaga kai kafin ka gan su. A bayan cocin kuma akwai makarantar dukanci, Scuola del Cuoio, da aka buɗe bayan Yaƙin Duniya na Biyu don koya wa marayu sana'a. Ana shiga a ga masu aiki suna yanka fata suna buga mata adon zinare. Wanda ya san dukawan Naraguta zai ji kamar ya zo gida, sai dai farashin ba na gida ba ne.

Da la'asar ka tsallaka kogi ka hau tudu. Filin Piazzale Michelangelo nan ne kowa ke taruwa kallon faɗuwar rana, amma ka ƙara minti biyar sama zuwa San Miniato al Monte, cocin da ya haura shekara dubu, shiga kyauta. Ka dubi daɓen tsakiyarsa: farin mabul da baƙi aka yanka aka saƙa kamar aikin hula, zakuna da kurciyoyi a cikin da'ira. Da yamma 'yan zuhudun wurin suna rera addu'arsu da Latin ba kiɗa ba ganga. Maƙwabcina ya shiga ya zauna, ni na zauna a matakalar waje ina kallon ƙubbar da muka hau da safe tana canza launi. Wanda bai iya hawa ƙubba ba, nan ne ramuwarsa.

Asabar

Uffizi da ƙarfe takwas da kwata. Sunan yana nufin ofisoshi, domin a 1560 ofisoshin gwamnatin gidan Medici aka fara gina shi ya zama. Gidan Medici attajirai ne masu banki da suka mallaki garin, kuma ta ƙarshensu, Anna Maria Luisa, ita ta sa hannu a 1737 cewa kada a fitar da kayan da suka tara daga Firenze. Ɗakunan suna da yawa ƙwarai. Wanda ya ce sai ya ga komai zai fito bai tuna komai ba. Ka ba shi awa biyu da rabi, ka zaɓi zane biyar ko shida.

Nawa na farko shi ne na Gentile da Fabriano na 1423, ziyarar masanan gabas ga jaririn Maryamu. Zinare ne ko'ina, dawakai da raƙuman kaya ba su dame ni ba kamar da'irar hasken da ke kan Maryamu. Ka matsa kusa. Rubutu ne mai kama da Larabci, da alif da lam a jere, an raba su da furanni kamar yadda ake yi a farantan tagulla na Masar da Sham. Na yi ƙoƙarin karantawa, ba ya karantuwa, kwaikwayon siffar haruffan kawai ya yi. Dalili kuwa, yadi da faranti mafi tsada da ke shigowa Italiya a lokacin daga ƙasashen Musulmi suke zuwa da rubutu a jikinsu, sai rubutun ya zama alamar daraja, har ya cancanci kan Maryamu. Wanda ya yi makarantar allo zai ga abin da dubban masu wucewa ba sa gani.

Bayan shi ka ga babbar Maryamun Giotto a ɗakunan farko, ka ga zanen Leonardo da Vinci na mala'ika yana yi wa Maryamu albishir, ka nemi na Dürer na 1504 inda ɗaya daga cikin masanan gabas ukun nan baƙar fata ne. Ɗakin Botticelli shi ya fi cunkoso, kuma shahararren zanensa mace ce ba sutura. In da iyali kake tafe ka san da wannan tun kafin ku shiga. Tsiraici a zane da mutum-mutumi yana ko'ina a garin, har a filin Piazza della Signoria da ke ƙofar Uffizi. A wannan fili akwai famfon ruwan sha kyauta a jikin fadar Palazzo Vecchio, ka cika gorarka.

Gadar Ponte Vecchio tana nan kusa, minti goma sun ishe ta. An gina ta a 1345, mahauta ne a kanta har 1593 da aka tashe su aka zuba maƙeran zinare, kuma ita kaɗai sojojin Jamus suka bari a tsaye cikin gadojin garin a 1944. A 1252 garin nan ya fara buga kuɗin zinare, a zamanin da zinaren Afirka ta Yamma ke ƙetara Sahara zuwa Bahar Rum. Ka riƙe aljihunka a kan gadar, 'yan sane suna son cunkoso. Kada ka sayi jakar jabu a hannun masu shimfiɗa a titi, a Italiya har mai saye ana ci tara.

Yanzu sai zaɓi. Kowa zai ce maka ka je Accademia ka ga Dawudan Mikelanjelo, mutum-mutumin da ya sassaƙa daga 1501 zuwa 1504 a dutse guda, tsayinsa ya haura mita biyar, shi ma ba sutura. Na je. Abin da ya fi kama ni ba shi ba ne, wasu huɗu ne a hanyar zuwa wurinsa da bai ƙarasa ba, rabin jiki ya fito rabi yana cikin dutse, sawun ƙarfen sassaƙa yana nan kamar jiya ya ajiye. A nan ake ganin yadda aikin yake tafiya.

Amma in lokacinka ɗaya ne tak, kuma kai mai gini ne ko mai ɗinki ko mai kowace sana'ar hannu, ni Opificio delle Pietre Dure zan tura ka, a titin Via degli Alfani, taku kaɗan daga Accademia. Ƙaramin gida ne, ba layi, da safe zuwa azahar yake buɗewa, shi ya sa za ka je shi kai tsaye daga gada. Tun 1588 gidan Medici suka kafa wannan ma'aikata don aikin haɗa duwatsu masu launi. Za ka ga tebur da fure da tsuntsu a kai ka rantse fenti ne, alhali kowane ganye dutse ne daban aka yanka da waya da baka, aka zaɓo shi saboda jijiyar launinsa ta yi daidai da inuwar ganyen, aka haɗa har ba ka ganin bakin haɗin. A bene akwai teburan aikin da kayan yankan da ɗaruruwan samfurin duwatsu a jere. Na tambayi kaina sau nawa na ce wa mai saye layin haɗi na milimita biyu ba ya ganuwa. Tun da na dawo na canza yadda nake sa yarana su jera samfuri a shago.

In jirginka na yamma ne, ka ajiye awa ɗaya don cocin Santa Maria Novella da ke kusa da tasha. A bangon hagu akwai zanen Masaccio na wajen 1427, wanda ya yi a kan ɗanyen filasta. Bangon a miƙe yake sumul, amma ya ja layukan rufin da lissafi har idonka ya ce ɗaki ne aka fafe a ciki. Ka tsaya 'yan taku baya, daidai tsakiyarsa, inda ya nufa mai kallo ya tsaya. Daga ƙofar cocin zuwa inda ake shiga jirgi minti biyar ne. Tikitin jirgi mai sauri yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera, lambar layin da zai tsaya kuwa sai saura kamar minti goma sha biyar take fitowa a allo, a ƙarƙashin kalmar binario.